Liyari Goma Sha Biyu, Tabo Ɗaya

Idan ka bar kara, inda ake cinikin shanu a kasuwar Maigatari, ka karya ta wajen masu igiya, za ka ga wata rumfar zana da maza ba sa shiga. Rumfar Zubaida mai kitso ce. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan tana zama a cikinta duk ranar Alhamis, ruwa ko rana.

Gajeriyar mace ce, mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan fara'a. Kitsonta da zafi, kuma ba ta ba da haƙuri. In mace ta ce wash, sai ta ce, "Ni na aika a kira ki?" ta ci gaba da ja. Amma kitson yakan yi wata biyu bai tashi ba, shi ya sa ake jure mata.

A Gumel aka haife ta. Mahaifinta, Ɗalha, maƙerin azurfa ne, kuma a gindin maƙerarsa ta girma. Shi ya koya mata cewa azurfa tana da baki. In ka saki ta gaske a kan dutse, sai ta yi amo siriri mai tsawo, ya daɗe yana yawo a kunne. Jabu kuwa sai ya ce kwaf, ya yi shiru. Da aka ɗaura mata aure da Mati, direban babbar mota mai jigila tsakanin Gumel da Damagaram, uban bai yi mata dogon wa'azi ba. Ya ba ta liyari huɗu da wani baƙin dutse mai santsi, ya ce ta tafi.

Yaran yanzu ba su san liyari ba. Tsohon kuɗin azurfa ne, faɗinsa ya kai tafin hannun jariri. Gefe ɗaya hoton wata ƙatuwar Baturiya mai kumatu, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu. An daina cefane da shi tun kafin a haifi Zubaida, amma matan Fulani ba su sake shi ba. Sukan kai wa maƙeri ya liƙa masa ɗan zobe, mai kitso ta kitsa shi cikin gashi. Ado ne, kuma ajiya ce. Wata macen duk abin da ta mallaka yana kanta.

A nan Zubaida ta fi sauran masu kitso. Ba ta taɓa kitsa liyari a kan mace ba sai ta sake shi a kan dutsen ubanta. Rumfa ta yi tsit, ta karkata kai, ta saurara. Maganarta biyu ce kawai. Ko ta ce, "Saka," ko ta ce, "Kwashe tarkacenki." Mata sukan zo daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar, har daga ƙetaren iyaka, wasu ma ba don kitso ba, don a ji musu. Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kwance kan mace aka sami jabu wanda ya bi ta hannun Zubaida ba. Ba ta da gona, ba ta da saniya. Wannan sunan shi ne abin da ta tara.

Sai kunnenta ya fara nauyi.

A hankali abin ya zo. Da fari kukan sauro ta daina ji, ta ce ta huta. Daga baya siririn amon nan ya riƙa gajarta, har ya zamana ta gaske da jabu duk murya ɗaya suke mata. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ci gaba da sakin kuɗi a kan dutse, tana karkata kai, alhali da nauyinsa a hannu da launinsa take yanke hukunci. Mati ne kaɗai ya gane, domin tun da ya ajiye tuƙi yana gida, ba shi da aiki sai dara da sa ido.

"Hajiya, sau uku na yi sallama."

"Na ji ka. Amsawa ce ban ga dama ba."

"Allah ya ƙara miki ji."

"Me ka ce?"

Bara, bayan an kai amfanin gona gida, Rabi ta zo da buƙata. Rabi Bafillatana ce daga wata ruga a bayan Ɗanzomo, shekara talatin Zubaida tana mata kitso. Da yake mutanen Gumel Mangawa ne, su kuma abokan wasan Fulani ne, matan nan biyu ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Ke Bamangiya, har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jira in binne ki. Zauna, 'yar daji. Kan nan yaushe rabonsa da ruwa?"

Rabi ta zauna ta faɗi abin da ya kawo ta. Za ta aurar da 'yarta Sharifa. Ita dai ta shiga ɗakin miji da liyari goma sha biyu a ka, haka uwarta ma. Yanzu takwas suka rage, fari da ciwo sun ci huɗu. Tana da wani ɗan bijimin sa, nata na kanta, za ta sayar ta cike gurbin.

"Ki nemo mini huɗu. Ba na so dangin miji su ƙirga kan yarinyata su ga giɓi."

Zubaida ta ce za ta duba. Ta duba ɗin, amma liyari ya yi wuya. Maƙera sun narkar da shi sun yi zobba, masu shi kuma ba sa saki.

Autanta, Zaharaddini, shi ya ji tana mita a tsakar gida. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya biyu, yana cike wa direbobi takardun kaya a bakin iyaka, kuma idonsa ba ya barin waya.

"Umma, ai kasuwa yanzu tana cikin waya."

"To shanun ta ina suke shiga?"

Ya yi dariya, ya zauna ya nuna mata. Akwai shafukan gwanjo a intanet, in ji shi, inda masu tara tsofaffin kuɗi suke haɗuwa daga ko'ina a duniya. Mai kaya ya sa hoto, masu so su yi ta tayi, agogo yana tafiya, wanda tayinsa ya fi in lokaci ya cika shi ya ci. Ga wani can ƙasar waje ya sa liyari goma sha biyu a haɗe, ya ce gadon kakansa ne. Zaharaddini ya ce zai saya duka, a ba Rabi huɗu, sauran takwas a ajiye wa masu nema.

Zubaida ta kalli hoton. Baturiyar ce dai, da kumatunta.

"Wa zai ji su kafin ka biya?"

"Ba a ji, Umma. Amma akwai takardar shaida, har da hatimi."

"Takardar tana amo?"

Bai saurare ta ba. Kwana uku yana fafatawa da wani mai tayi da bai san ko waye ba, ya ƙara, wancan ya ƙara. Ranar da ya ci, sai da ya sayo tsire ya raba wa gida.

Kayan sun yi sati biyar a hanya. Suka sauka Kano, aka ba direban Gumel, daga nan aka miƙo su Maigatari, kuma ranar Alhamis suka iso. Zaharaddini bai iya haƙuri a koma gida ba. Ya zo bakin rumfa ya yi sallama, ya miƙa ƙunshin ta saman zana.

Mata tara ne a ciki, har da Rabi. Aka buɗe. Kowane liyari yana cikin 'yar farar roba, sun yi duhu-duhu irin na tsohuwar azurfa. Mata suka yi ta salati. Rabi ta tura dutsen gaban Zubaida.

"Ji mana, Bamangiya."

Zubaida ta auna ɗaya a tafin hannu. Nauyin bai saɓa ba, launin ma haka. Ta sake shi a kan dutse. Waje ana hayaniya, shanu na kuka, wata babbar mota tana ta hon. Matan ba kuɗin suke saurare ba, fuskarta suke kallo, domin haka suka saba. Ita kuwa ba ta ji komai ba sai wani ɗan tas daga nesa. Ga ɗanta a bayan zana yana jira, ga ido goma sha takwas a kanta.

Ta karkata kai kamar kullum, ta ɗan jima.

"Saka," in ji ta.

Aka yi guɗa. Rabi ta ce Alhamis mai zuwa za ta kawo san da sassafe ta sayar, ta zo da Sharifa a yi kitson. Kafin nan Zubaida za ta wanke kuɗin, ta kai wa maƙeri ya liƙa zobba.

Ranar Asabar da hantsi ta zauna wanki. Yadda ubanta ya koya mata take yi, ruwan tsamiya da toka, ana murzawa da babban yatsa. Ba ta ma kallon abin, hira take da Mati, wanda ke gefe yana gyaran 'yan tsinkayen dararsa. Mai kitso da yatsa take gani. Shekara arba'in tana lalubar ƙurji da amosani a cikin gashi kafin ido ya kai.

A na farko yatsanta ya ci karo da ɗan tabo a ƙasan haɓar Baturiyar, kamar inda wani abu mai kaifi ya taɓa sara. Ba ta damu ba. Tsohon kuɗi ba ya rasa tabo. Ta ɗauki na biyu. Tabo a ƙasan haɓa. Na uku ma haka.

Ta rufe ido, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har sha biyun.

"Malam, matso."

"Lafiya?"

"Kai da ka yi yawon duniya, ka taɓa ganin mata goma sha biyu sun faɗi a wuri ɗaya, sun fasa haɓa a wuri ɗaya?"

Mati ya sa tabarau ya duba. Ya ce, "Ko 'yan biyu ba sa haka."

"Ɗaya ce ta gaske, tana can wajen mai ita. Da ita aka yi mazubi, aka zuba waɗannan, har da tabonta."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon magagarin ubanta, ta goga bakin ɗaya sau uku. Farin ya tafi. Ciki ja ne, jan ƙarfe tsantsa.

Aka kira Zaharaddini. Ya zo ya ga jan, ya zauna a kan turmi. Ya lalubi mai kayan a waya, sai ya tarar babu shi, babu shafinsa, kamar ba a taɓa yin sa ba. Ya ɗauko takardar shaida yana juyawa.

"Ajiye ta," in ji uwar. "Za ta yi ƙunshin ƙosai."

Da ya dawo hayyacinsa sai ya kawo shawara. A gaya wa Rabi a ɓoye cewa wani ya riga ta saye. Shi kuma ya mayar da su gwanjo, yadda aka yi masa ya yi wa wani. Mati ya ce a'a, wannan zalunci ne, gara a ce maƙeri ne ya ɓata su a wuta, magana ta mutu.

Zubaida ta dube su duka biyun.

"Kai kana so ka zama ɓarawo, kai kuma kana so in ɗora wa maƙeri laifi. A gaban mata tara na ce saka. Gobe wata ta ga irinsu a hannun wani ɗan kasuwa, ta ce ai Zubaida ta ji su, ta ce saka. Ta sayar da akuyarta ta saya. Wa ya cuce ta?"

"To in kin faɗa," in ji Mati a hankali, "za su tambaya yaya aka yi dutse bai gaya miki ba."

"Na sani."

Abin da ya hana ta cin tuwo da daɗi har kwana biyar ke nan. Asarar ɗanta ba ta dame ta sosai ba, ta ce kuɗin makaranta ya biya. Amma ta tsaya gaban matan da suke rantsuwa da kunnenta ta ce kunnen ya mutu, wannan ya fi mata cire haƙori. Ta san in suka daina kawo mata liyari, saura kitso kawai, kuma masu kitso sun cika gari, ga su yara, ga hannunsu da taushi.

Rugar su Rabi babu sabis, ba halin a kira ta. Don haka ranar Alhamis, rana ba ta gama fitowa ba, Mati ya goya Zubaida a tsohon babur ɗinsa suka nufi kara. Mace mai shekara sittin da biyar ta kutsa cikin dillalai da ƙahoni tana ture mutane da gwiwar hannu. Ta hango Rabi a gefe, ƙanenta yana riƙe da igiyar wani jan sa, dillali ya riga ya kama hannun mai saye.

"Kai, saki hannun nan! Ba a sayarwa!"

Dillali ya ce, "Iya, naki ne?"

"Na baiwata ne, duk ɗaya."

Rabi ta riƙe baki. "Yau Bamangiya ta haukace. Me ya faru?"

"Biyo ni rumfa. A can na yi ɓarna, a can zan gyara."

Ta jira sai da rumfa ta cika, har ta fi ta makon jiya. Sharifa ma tana nan, doguwar budurwa, ta tsefe kai tana jira. Zubaida ta zube sha biyun a kan tabarma, ta ɗaga wanda ta goge kowa ya ga jan. Ta bi da su hannu hannu, kowace ta taɓa tabon haɓa.

"Jabu ne, dukansu. Na ce muku saka, ƙarya na yi. Ban ji komai ba. Shekara biyu ke nan ba na jin azurfa. Kunnen ya tafi. Wadda za ta koma wajen wata, ga hanya."

Zubaida ta ƙura wa dutsen ido.

Sai Rabi ta fashe da dariya, har tana dukan cinya. Wata tsohuwa daga Gagarawa ta kama, sauran suka bi.

Rabi ta ce, "Wai shekara biyu! Uku dai! Ke da wayarki take kuka a ƙugunki, mu ce miki ana kira, ki ce kin sani? Ran nan akuya ta shigo ta cinye miki ƙosai a bayanki tana atishawa, ba ki waiga ba."

"Kun sani?"

"Har shanunmu sun sani."

"To don me kuke kawo mini kuɗinku, 'yan banza?"

Tsohuwar Gagarawa ta ce, "Muna ganin yadda kike juya shi a hannu kafin ki saki. Mun ce hannun ya isa. Karkata kan kuwa mun bar miki, tunda kina jin daɗinsa."

Rabi ta share hawayen dariya. "Kuma da wata ce, yau da na sayar da sana, da na kitsa wa 'yata jan ƙarfe, sai damina ta zo wuyanta ya yi kore. Wa ya taɓa shiga kara da sassafe don ya ce ya yi ƙarya? Sai mahaukaciya irinki."

Zubaida ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta ja tsaki, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani tsohon ƙulli. Liyari huɗun da ubanta ya ba ta ne, da zobbansu, sun sha hannu har hancin Baturiyar ya shafe. 'Ya'yanta duka maza ne, ba kan da za ta kitsa wa.

"Ku yi shiru. Ke Sharifa, matso da kunnenki, naki sabo ne."

Ta saki jabu a kan dutse. Ta saki na ubanta.

Idon Sharifa ya buɗe. "Inna, wannan bai daina ba! Har yanzu yana yi."

"To kin ji azurfa. Kada ki manta." Ta juya ga Rabi. "Huɗu kike nema, ga huɗu. Farashin kasuwa, ba ragi. Je ki sayar da san."

"Kin hana ni sayarwa da safe, kin aike ni sayarwa da rana tsaka?"

"Da safe jan ƙarfe za ki saya. Tashi."

Kafin la'asar Sharifa ta fita daga rumfar da goma sha biyu cif a kanta, tana tafe suna kaɗawa. Ta ce wash sau biyu, aka tambaye ta ko an aika a kira ta.

Tun daga ranar aikin rumfar ya sauya. Zubaida tana murzawa da yatsa, ta auna, sannan ta sa mai kuɗin ta saki da kanta, duk wanda ke wurin ya saurara. Ta ajiye jabu ɗaya kusa da dutse don a riƙa gwadawa. Mata ba su ragu ba. Har ƙaruwa suka yi, domin labari ya kai ƙetare cewa akwai wata tsohuwa a Maigatari da ta kama kanta da kanta.

Sauran sha ɗayan, ta bi su da magagari ta tsaga wa kowace Baturiya fuska, yadda ba mai iya sayar da su ko ga makaho. Mati ya kwashe. Dara 'ya'ya goma sha biyu take ci, sai ya cike da murfin kwalba ɗaya. Yanzu a gindin dalbejiyar ƙofar gidansu, abokan wasansa suna dasa tsinke da tsakuwa, shi yana dasa Turawa. Bai fi da iya wasa ba, amma ya ce ko an cinye shi, da daraja aka cinye shi.

Watanni bayan haka Zaharaddini ya zo da waya a hannu. Mutumin ya dawo da sabon suna, in ji shi, da sabon labarin kaka, da wasu sha biyun. Ya buɗe hoton ya ƙara masa girma, ga tabon a ƙasan haɓa. Ya ce ya rubuta wa masu shafin, ya kuma gargaɗi masu tayi.

Zubaida ta karɓi wayar, ta murza babban yatsanta a kan gilashin. Santsi kawai ta ji. Ta miƙa masa abarsa.

"Kai dai ka yi ta rubutu. Ni kasuwar da ba a taɓa kaya, ba da ni ba. Miƙo mini tsinken kitson can, Alhamis ta kusa."